Kunyar da aka yabe ni a kanta

Ni haifaffiyar cikin garin Sakkwato ce, wajen Ƙofar Rini. A nan na girma, a nan na yi karatu, a nan na yi aure har sau biyu. Sai da na haura shekara 35 a duniya kafin likita ta gaya mini cewa ina da otizim, abin da ake ce wa galahanga a gidajen rediyo. Na daɗe ina ja da baya kan rubuta wannan labari, domin a garinmu duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa ba a faɗinsa da ƙarfi. Da an ji, sai ka ji an ce "ai wannan sai Kware", ana nufin asibitin masu taɓin hankali da ke can. Amma na san akwai mata irina a ɗakunan aurensu, suna shan zargi a kan abin da su kansu ba su san sunansa ba. Su nake so su karanta.

Gidanmu babban gida ne, mai sassa da yawa da yara barkatai. A cikinsu ni ce wadda ba a jin duriyarta. Ba na kallon idon mutum in yana mini magana, ba na tsoma baki in manya na hira, ba na leƙa ƙofar gida sai an aike ni. Baƙi in sun zo sai su ce wa Inna, "Wagga ɗiya taki akwai kunya, Allah shi yi mata albarka." Inna ta yi murmushi, ni ma in ji daɗi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, in na kalli idon mutum ba na iya jin abin da yake faɗa. Sai na sunkuyar da kai maganar take shiga. Da dare in 'yan mata sun fita gaɗa, ina tsaye a gefe. Na haddace waƙoƙin kaf, har na fi masu bayarwa sanin baitocin, amma ban taɓa gane lokacin da ake faɗawa tsakiya ba, ko yadda suke sanin wadda za ta biyo baya ba tare da an faɗa ba.

Abu biyu suka riƙe ni a yarinta: hadda da ɗinkin hula. A Islamiyya ni ce ta gaba, don abin da na ji sau biyu ya zauna. Wata rana malaminmu ya tsallake aya, na ɗaga murya na gyara masa a gaban aji. Na sha bulala, na koma gida ina kuka ban san laifina ba, tunda shi da kansa ya koya mana cewa ba a barin kuskure a karatun Alƙur'ani. Ɗinkin hula kuwa Goggona ce ta koya mini. Ina zama a bayan rumbu da allura da zare, ina ƙirga ɗinki bakwai in juya, bakwai in juya, tun hantsi har a kira la'asar, ban san yunwa ba, ban san zafin rana ba. In aka katse ni a tsakiyar layi sai in ji kamar an fizge mini numfashi. Wa zai ga aibu a yarinyar da ke hadda da ɗinki? Ai ita ce ɗiyar da kowace uwa ke roƙo.

Yayana namiji, wanda nake bi, nasa ya fito fili tun yana ƙarami. Bai yi magana da wuri ba. In aka gusar masa da tabarma daga inda ya saba sai ya yi ta ihu yana buga kai da bango. Ya kwance rediyon Baba ya fi a ƙirga, ya san mita da lokacin kowace tasha mai sashen Hausa, kuma in ya fara ba ka labarinsu ba ya lura ko ka gaji. An kai shi wurin malamai, an yi masa rubutu ya sha, an yi sadaka. Ba a gano sunan abin ba, amma dai an ga cewa akwai abu. Da ya girma sai aka daidaita a kan cewa miskili ne, aka ƙyale shi da halinsa.

Ni kuwa da na shiga sakandare ta kwana sai na gane shiru kaɗai ba zai fisshe ni ba. Na zaɓi wata yarinya da kowa ke so a ɗakinmu, na riƙa nazarinta: yadda take dariya, inda take sa "kai haba", yadda take dafa kafaɗar ƙawa in an ba da labarin baƙin ciki. Da dare in maimaita a cikin bargo. Gaisuwarmu ta Hausa ta taimake ni ƙwarai, domin tana da tsari: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya zafi, kowace da amsarta. Inda gaisuwa ta ƙare hira ta fara, nan nake ɓacewa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni fuskar mutane ba ta ba ni labari, tawa kuma ba ta ba da nawa. Ina cikin murna a ce na ɓata rai, ina cikin tashin hankali a ce ko a jikina. Na iya kwaikwayon har ya zama ba mai ganewa, amma kullum ji nake kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa a tsakiyar kasuwa: in na saki jiki na daƙiƙa ɗaya, ya zube. In na dawo hutu sai in yi kwanaki a ɗaki ba na son ko sallama.

Ranar aurena na fari ita ce ranar da abin ya fi ƙarfina a gaban jama'a. An yi mini lalle, an turara ni da turaren wuta har ba na ganin gabana, an shafe ni da humra, an sa mini leshi mai ƙaiƙayi, an ɗaure mini kai tamau. Ga kiɗan ƙwarya, ga janareto a bayan taga, ga mata sun cika ɗaki kowa na taɓa ni. Wata ta rangaɗa guɗa dab da kunnena. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ga kaina a durƙushe na toshe kunnuwa ina kaɗa jiki gaba da baya. Da farko aka ce kukan amarya ne, har ana yaba mini. Da aka ga kwana ya kewayo ban iya furta kalma ba, sai magana ta canza: wasu suka ce iska ne, wasu suka ce sammu. Aka kira mai ruƙiyya. Ni Musulma ce, na yi imani Alƙur'ani waraka ne, kuma har gobe in na shiga damuwa shi nake buɗewa. Amma a ranar, da aka riƙe ni ana karatu da ƙarfi a cikin kunnena ana hayaƙi, abin da jikina ke roƙo shi ne ɗaki mai duhu da shiru. Ina ƙara firgita, ana ƙara tabbatar da cewa aljanin ne ke motsi.

Zaman gidan miji ya nuna mini cewa duk abin da aka yabe ni a kansa ina budurwa ya koma laifi. Matar aure ita ce mai riƙe zumunci: biki, suna, ta'aziyya, dubiya, barka, gudummawa, sanin wa ya yi fushi da wa. Kuma rabin maganar cikin gida ba a faɗinta kai tsaye. Wata rana uwar mijina ta zo da ƙannenta biyu da rana tsaka. Na ce bari in ɗora tukunya, ta ce, "A'a ɗiyata, mun ƙoshi, kada ki wahal da kanki." Na ce to, na kawo ruwa na zauna. Sun yi awa biyu suka tafi. Kafin magariba labari ya zaga dangi cewa na bar surukata da yunwa. Da mijina ya tambaye ni, na ce ai ita ta ce sun ƙoshi. Ya dube ni ya ce, "Ke yanzu sai an ce miki kara ce?" Wallahi sai an ce mini. In ƙanwarsa ta same ni zaune ta ce "sannu da aiki", sai in amsa da "yauwa", sai daga baya in ji cewa gatse ne. Habaici yakan wuce ta kaina, a ce na raina mutane har ba na tankawa. In kuma aka tambaye ni ra'ayi na faɗi gaskiya tsirararta, a ce ba ni da kawaici.

Ba zan ce mijina na fari mugu ba ne. Ya gaji, ni ma na gaji. Takarda ta zo bayan 'yan shekaru, da shaidar da ta bi ni gida: girman kai, rashin zumunci, baƙin hali. A daidai lokacin na bar aikin koyarwa da na samu bayan na gama NCE, domin ajin ya cika maƙil da yara, kuma in aka tashi nakan koma gida hannuna na rawa. Na zauna zawarci a ɗakin Inna ina ganin kaina a matsayin wadda ta kasa aure, ta kasa aiki, ta kasa abin da kowace mace ke yi ba tare da tunani ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina. An kai ni asibiti aka ce ciwon damuwa ne, aka ba ni magani. Gaskiya ne ina da damuwar, maganin kuma ya taimaka na samu barci. Sai dai ba wanda ya tambayi abin da ya haifar da ita, ni ma ban san akwai abin tambaya ba.

Allah ya haɗa ni da mijina na yanzu, mutum mai sanyi wanda shi ma ba ya son hayaniya. Muka samu ɗa namiji. Ya kai shekara 3 bai ce "Mama" ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali yana jin ƙarar buɗe ledar biskit daga wani ɗaki. Yana jera marafan kwalba a layi, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, in maƙwabta sun tada janareto ya toshe kunne ya yi ta ihu. Kakarsa ta ce namiji dama yakan yi nauyin baki. Wata maƙwabciya ta ce allurar rigakafi ce. Mahaifinsa ya ce mu je asibiti, aka tura mu daga wannan sashe zuwa wancan har muka dace da wata likita da ta san abin.

Bayan ta gama duba yaron ta ce otizim ne, sai ta tambaya ko a dangi akwai mai irin halinsa. Na ba ta labarin yayana. Tana ta jero tambayoyi a kan yaron: ƙara na damunsa? Yana ƙin wasu tufafi? Yana ƙin abinci mai yauƙi? Yana rikicewa in an canza masa tsari? Ni kuma ina ta cewa, "Ai likita wannan kowa haka yake, ni ma haka nike." Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ba kowa ba ne haka." Ta ce in ina so, in dawo ni kaɗai, kuma in zo da wanda ya san yarintata.

Na yi watanni ina juya maganar kafin na koma, na tafi da Inna. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Tambayoyi ne masu tsawo da lura da mutum, da bin tarihinsa tun yana ƙarami, domin abu ne da ake tasowa da shi, ba a tsakar rana yake kama babba ba. Inna ta zauna tana kare ni da iyakar ƙarfinta. Ta ce, "Likita, wagga ɗiya ba ta taɓa ba ni wahala ba. Inda kika aje ta nan za ki iske ta. Ba ta da ƙawaye, ba ta yawo, ko idon mutum ba ta kallo." Likita ta ce, "Inna, ci gaba, shi nike son ji." Ina zaune ina sauraren mahaifiyata tana lissafa alamomin ɗaya bayan ɗaya cikin alfahari, hawaye na zubo mini. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Da abin da ta sani ta raine ni, kuma ta raine ni da ƙauna.

Daga baya na shiga karatu a kan abin, irin karatun da nake yi in abu ya kama ni. Nan na gane dalilin da ya sa ake tsallake mata. Likitan da ya fara bayyana otizim a Amurka a 1943, Leo Kanner, yara 11 ya rubuta a kansu, 8 maza ne. Hans Asperger da ya yi nasa rubutun a Ostiriya a 1944, yara huɗun da ya kawo labarinsu duk maza ne. Da siffar yaro namiji aka gina ma'aunin, shekara da shekaru ana neman mai jera motoci da buga kai da bango. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya. Wani nazari da masu bincike a Ingila suka fitar a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa in aka shiga cikin jama'a aka duba kowa maimakon a ƙirga waɗanda aka riga aka gano, lissafin ya fi kusa da uku ga ɗaya. Ma'ana akwai 'yan mata da suka cika sharuɗɗan amma ba a gan su ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim. In haka ne, a unguwa ɗaya ta cikin garin nan mu nawa ne?

Na kuma samu amsar maƙwabciyata. Rahoton da ya fara danganta otizim da allurar rigakafi a 1998 an gano ba gaskiya ba ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bai samu wata alaƙa ba. Gado ne ke da kaso mafi girma. Wani babban bincike na 2019 da ya haɗa ƙasashe biyar ya sa shi kusan kashi 80 cikin 100. Ni, yayana, ɗana: ban buƙaci a yi mini dogon bayani ba.

Abin da littattafan Turawa ba su faɗa mini ba, ni na gani da idona, shi ne yadda al'adarmu ke ƙara lulluɓe mace. A wurinsu yarinyar da ba ta kallon ido ana iya lura da ita. A wurinmu tarbiyya ce. Zaman ɗaka, ƙarancin magana, bin doka sau da ƙafa, duk ado ne ga budurwa. Abin da hankalinta ya kafe a kai ma yakan zama abin da aka yarda da shi: hadda, ɗinki, zanen lalle, karatun littattafai. Ko motsin da jiki ke nema don ya natsu, ni a carbi na ɓoye shi. Ina zikiri da gaske, amma yatsuna ma suna buƙatar wannan juyin. Sai an kai ta ɗakin miji, inda ake son ta zama mai karanta zukatan dangi guda, sannan abin ke fashewa, kuma a lokacin ba a kiransa lalura, hali ake kiransa.

Yayana yana gyaran waya da rediyo a kasuwa, kuma an san shi da ƙwarewa. Ba ya zuwa biki, ba ya zama majalisa, ba wanda ya taɓa cewa ba shi da zumunci, domin matarsa na zuwa a madadinsa. Halin da aka yi masa uzuri a kai, shi aka sake ni a kai. Amma ba zan ce maza sun huta ba, don na ga nasa. Ya sha wuya kafin ya samu mata, domin zuwa zance ya gagare shi. Ba ya iya ciniki, kuɗin da ya faɗa shi ke nan, kuma duk wanda ya ce masa "gobe zan kawo" ya yarda, an cinye masa bashi ba adadi. Yaran kasuwa na tsokanarsa don su ga ya fusata. Namiji an ɗora masa ciyarwa da shugabancin gida, ba a ba shi damar cewa taro ya fi ƙarfinsa ba. Na taɓa gwada yi masa bayanin abin da likita ta gaya mini. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ni lafiyata lau," ya ci gaba da aikinsa. Ban sake tada maganar ba, hakkinsa ne.

Sanin sunan bai warkar da ni ba, domin otizim ba shi da maganin da ke cire shi, kuma duk wanda ya ce zai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Da farko ma baƙin ciki na yi mai tsanani, ina tuna shekarun da na yi ina roƙon Allah ya canza mini hali, ina ganin kaina muguwa. Sannu a hankali na fara gyara zamana daidai da yadda aka halicce ni. Ina zuwa biki da wuri, in gaida masu gida, in ba da gudummawata, in fita kafin a kunna kiɗa. Ina sa abin toshe kunne a ƙarƙashin hijabi in zan shiga kasuwa. Na bar leshi, na koma atamfa mai laushi da aka wanke. Na ce wa mijina da danginsa, cikin ladabi, in suna son abu su faɗa mini kai tsaye, ba raini ba ne in ban gane ba. Wasu sun karɓa, wata ta ce sabon salon iyayi ne. Na samu aikin riƙe lissafi da takardu a wani ƙaramin ofis, ni kaɗai a ɗaki, kuma a karon farko ana yaba mini a kan aiki ba tare da na dawo gida a gajiye liƙis ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, na san haƙurina kan ragu, sai in rage fita.

Ba kowace yarinya mai kunya ce ke da otizim ba, kuma ba na son wata ta karanta wannan ta yanke wa kanta ko 'yarta hukunci. Mai kunya ta gane abin da ake nufi, nauyin baki ne ya hana ta. Ni ba na ganewa ne, kuma abin ya haɗa da ƙara da wari da taɓi da canjin tsari, tun ina ƙarama har yau. Likita ne ke rarrabewa, duk da cewa masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a ƙasar nan, kuma akasarinsu yara suka saba dubawa. Sannan kowa da irin nasa. Tun 2013 likitocin Amurka suka haɗa nau'o'in otizim a ƙarƙashin suna ɗaya, amma ni da ɗana ba daidai muke ba. Ni na yi karatu na yi aure. Shi yanzu ya fara haɗa kalmomi biyu zuwa uku, yana buƙatar mai koya masa magana, kuma har yau muna neman makarantar da za ta karɓe shi ba tare da an ce mu fara kai shi a yi masa addu'a ba. Wataƙila zai buƙaci mai kula da shi tsawon rayuwarsa, wannan tunanin ne ke hana ni barci yanzu.

Akwai ɗiyar ƙanwata, shekarunta 9. Ita ce ta ɗaya a hadda a ajinsu, ba ta da ƙawa ko ɗaya, ba ta cin miyar kuɓewa, kuma ranar sunan ƙaninta an same ta a bayan ƙyaure ta toshe kunne. Kowa na cewa ta gado kunyata. Na samu uwarta mu biyu na gaya mata duk abin da na rubuta a nan. Ta yi shiru, ta ce tana tsoron a ji a gari a ce ɗiyarta na da taɓin hankali, wa zai aure ta? Na ce mata ni an aure ni ba a sani ba, ta ga yadda ta kaya. Ba ta amsa mini a ranar ba. Bayan sati biyu ta kira ni ta ce ta yi magana da mahaifin yarinyar, ya yarda, amma da sharaɗin ni zan raka su wurin likitar, kuma kada kakanninta su ji tukuna.